Ni Na Riƙe Usur, Ɗan Ƙanwata Ya Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum Hajiya Ummul Khairi,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta ƙarshen watan nan, domin abin da ke raina ya fi ƙarfina kuma babu wanda zan iya buɗe wa baki a nan Zongon Lome. Na san filinki na maganar aure ne da tarbiyya, amma in kika ga kalmar ƙwallo kada ki jefa takardata a kwandon shara. Ƙwallo ce ta jawo, sai dai maganar ta wuce ƙwallo.

Shekarata hamsin da huɗu, ina sayar da kayan babur a unguwar Bè. Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga baya, lamba biyar, har gwiwata ta ce ta gaji. A zamaninmu ɗan baya mutum ne mai daraja. Ka sa kafaɗa, ka sa ƙafa, in dai ka riga ka taɓa ƙwallo to abin da ya biyo baya tsakanin ɗan gaba ne da ƙasa. Yanzu kuwa ki kunna talabijin ki gani. Ƙato guda yana bin ɗan gaba hannuwansa a baya kamar yaron da hedimasta ya kira ofis, don kada ƙwallo ta goge shi a hannu a ce fenareti. Ɗan gaba kuma da ya ji numfashin mutum a ƙeyarsa sai ya zube yana birgima. Alƙalin wasa ya tafi ya tsaya gaban allo minti biyar, a rage gudun hoto, a sake ragewa, har sai an samo laifin da babu idon ɗan Adam da ya gani. Kullum ɗan baya ne mai laifi. Ni na san dalili, so suke a ci ƙwallaye da yawa don masu kallo su ƙaru, shi ya sa aka ɗaure ɗaya aka saki ɗaya.

Abin ya daɗe yana cina. Matata Zahida ta hana ni kallon wasa a gida tun ranar da na yi ihun da jikarmu ta farka a firgice. A gidan kallo kuma samari sun gane lagona, da an busa fenareti sai duk su juyo su zuba min ido suna jiran in fara, ni kuma ba na ba su kunya. Likita ma ya ce jinina yana hawa. Kin ga tun kafin abin ya faru ba ni da cikakkiyar lafiya a kan wannan batu.

To a Zongonmu akwai al'ada. Kashegarin Babbar Sallah magidanta suna karawa da gwagware, wanda ya ci ya tafi da kawunan raguna. Duk saurayin da ya yi aure a shekarar, ya tsallaka ɓangaren magidanta ke nan, ana yi masa tsiya ana tafi. Alƙalin wasa kuma ba na haya ba ne, dattijo ake zaɓa daga cikin unguwa, kuma dokar ita ce ba a jayayya da shi, ba daga fili ba, ba daga 'yan kallo ba, domin uban wani ne. Bana ni aka miƙa wa usur.

Ɗan ƙanwata Sabiru ya yi aure wata huɗu kafin Sallah, don haka ya faɗo wa magidanta, kuma shi kaɗai ne mai ƙafa a cikin masu tumbin nan. Baya yake bugawa, ni na koya masa tun yana ƙarami. A ɓangaren gwagware kuma akwai Taufiq, ɗan Malam Abdulƙahhar mai makarantar allo a layinmu. Yaro ne mai gudu kamar an koro shi, kuma saura mako biyu ya tafi gwaji wata babbar ƙungiya a Ghana. Kowa a unguwa ya san da wannan tafiya, har addu'a aka yi masa a masallaci.

Hajiya, ga inda na yi ɓarna. Kafin a fara, Sabiru yana ɗaure takalmi a gindin mangwaro, na durƙusa kusa da shi na gaya masa cewa yau ba dokar talabijin, ta zamaninmu za a yi. Na ce ya nuna wa yaran nan yadda ake tsaron gida, ya bar ɗan gaba ya ji a jikinsa, usur ɗina ba zai yi kuka ba. Ya ɗago ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ce to Kawu. Wallahi ban nufi a ji wa kowa ciwo ba. So nake sau ɗaya a rayuwata in ga an yi wasa yadda ya kamata, 'yan gidan kallo su gani da idonsu.

Shiga ta farko Sabiru ya kwashe Taufiq, na ɗaga hannu na ce a ci gaba. Ta biyu ta fi muni, 'yan kallo suka yi gunaguni suka haɗiye, tunda ba a musu da dattijo. Taufiq ya zo gabana yana ɗingishi, ya rusuna cikin ladabi ya ce Baba ana taka shi. Na ce masa ya miƙe, nan ba talabijin ba ce. Har dariya aka yi, ni ma na ji daɗin dariyar. Ta uku ce na ji ƙarar daga tsakiyar fili, kuma duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ya san wannan ƙarar. Ƙashin ƙaurin Taufiq ya karye gida biyu.

Ni na ɗauke shi a motata zuwa asibiti. An sa masa ƙarfe, likitoci sun ce shekara guda kafin a san ko zai sake gudu kamar da. Tafiya Ghana ta rushe.

Tun daga ranar Sabiru ya zama abin nuni. Wasu na cewa hassada ce, wai don shi bai kai ko'ina a ƙwallo ba. Samarin da ke kai masa gyaran waya a shagonsa na Hanoukopé sun janye. Amaryarsa Safina ta je suna, mata suka yi shiru da shigarta, ta dawo tana kuka. Sabiru ya je gidan Malam, wanda a hannunsa ya sauke Alƙur'ani, ya durƙusa ya ce laifinsa ne shi kaɗai, zafin wasa ne ya ɗebe shi. Bai ambaci sunana ba. Har yau in mun haɗu gaishe ni yake da Kawu ina kwana, idonsa a ƙasa, kuma ya rame.

Ni kuwa yabo nake sha. Malam ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci yana min godiyar kai ɗansa asibiti, ya ce alƙali ba ya shiga zuciyar ɗan wasa, kada in sa wa raina damuwa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙanwata Barakatu, uwar Sabiru, ta zo tana roƙona in sa baki a yafe wa ɗanta. Yanzu kuma dattawa sun sa Asabar ɗin nan don a yi sulhu tsakanin gidajen biyu, kuma ni suka zaɓa in jagoranci zaman, wai ni ne na ga komai kuma ba ni da ɓangare.

Wani lokaci ina gaya wa kaina cewa ba ƙafata ce ta karya shi ba, Sabiru ba yaro ba ne, ya san iyaka. Kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa an zalunci 'yan baya a ƙwallon zamani, wannan ba zan janye ba. Amma abinci ba ya shiga. Idan na yi shiru, sulhun zai yiwu, a yafe wa Sabiru, maganar ta mutu. Idan na faɗa, mutuncin shekara hamsin ya zube, ƙanwata ta san ni na jefa ɗanta, Malam kuma ban san da wane ido zan dube shi ba. Na sauya sunayen mutanen duka. Ki gaya min, shin tonawa za ta gyara wani abu, ko ƙara ɓatawa za ta yi?

Tsohon Lamba Biyar,
Zongo, Lome

*

Wa alaikumus salam Tsohon Lamba Biyar,

Na ɗora wasiƙarka a kan wasu da suka riga ta zuwa don amsar ta same ka kafin Asabar. Allah ya ba Taufiq lafiya, ya mayar masa da ƙafarsa.

Bari in fara ba ka haƙƙinka. Ni ba gwanar ƙwallo ba ce, amma na haifi maza uku, kuma na sha jin irin ihunka daga falo. Na tambaye su, biyu sun ce kana da gaskiya, an matsa wa 'yan baya, fenareti ta yi arha. Na ukun ya tuna min cewa da yawa daga dokokin nan an tsaurara su ne saboda ƙafafun da aka riƙa karyawa a zamaninku. Ina ganin dukkansu sun faɗi wani abu. Ka riƙe ra'ayinka, ka yi ta musu a gidan kallo in jininka zai ɗauka. Na kuma yarda ba ka nufi cuta ba, kuma Sabiru baligi ne, yana da nasa kason.

Amma kason naka ya fi nasa, kuma ka sani, shi ya sa abinci ba ya shiga. Fushinka da alƙalan Turai ne, waɗanda ba su san da zamanka ba, sai ka huce a kan ɗan maƙwabcinka. Jama'a sun ba ka usur ne tare da alkawarin ba za su yi musu da kai ba. Wannan ba ƙaramar amana ba ce, domin ranar babu mai iya kare yaron nan sai kai. Ya zo har gabanka ya nemi kariya cikin ladabi, ka mayar da shi abin dariya. Shi kuma Sabiru, kawun da ya koya masa ƙwallo ne ya ba shi umarni, ka fi ni sanin nauyin kalmar kawu a gidajenmu.

Kana tambaya ko tonawa za ta gyara wani abu. Ƙafar Taufiq ba za ta haɗe don ka yi magana ba. Amma akwai saurayin da ake kira mahassadi a unguwarsu, da amaryar da ba ta iya shiga taro, kuma wannan a hannunka yake. Yafiyar da za a yi wa Sabiru ranar Asabar, in ka yi shiru, yafiya ce ga mugun da ya tuba, sunan zai bi shi har 'ya'yansa su ji. Shirun da yake yi don ya rufa maka asiri ne. Kai ne babba, bai kamata ƙarami ya ci gaba da ɗaukar maka kaya ba.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kada ka zauna a kujerar mai sulhu, ka gaya wa dattawa su nemi wani, kai ɗaya ne daga masu neman gafara. Ka fara da Sabiru, ka ce masa ka sauke masa alkawarin da bai taɓa furtawa ba. Daga nan ka je wa ƙanwarka, ka bar ta ta faɗi duk abin da ke bakinta, kada ka kare kanka. Sannan ka tafi gidan Malam kai kaɗai, ba da rakiya ba, ka faɗi maganar gindin mangwaro yadda ka rubuto min ita. Kada ka kawo zancen talabijin ko na zamaninku a wannan zama, ko kalma ɗaya. Ka nemi ganin Taufiq, domin shi ne mai haƙƙi, kuma in ya juya maka baya ka yi haƙuri, ba dole ne ya yafe a ranar da ta yi maka daɗi ba. Kai da ka san ciwon gwiwa, ka san watannin da ke gabansa na koyon tafiya. Motarka da lokacinka su zama nasa, in ya karɓa.

Ba zan ruɗe ka ba, girmanka zai ragu a idon wasu, wataƙila ba za a sake miƙa maka usur ba. Wasu kuma za su ga dattijon da ya iya cewa ni ne, kuma irinsu ba su da yawa.

Abu na ƙarshe. Ka sauya sunaye, amma mutum ɗaya ne ya yi alƙalancin wasan Sallah a Zongon Lome bana. In kana karanta wannan shafi, to wani ma a layinku yana karantawa. Kada ka bari Malam ya ji daga bakin wani. Ka ajiye jaridar, ka sa takalminka ka tafi yanzu.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya zukatan gidajen nan biyu, ya sa a karɓe ka da rahama.

Taku,
Hajiya Ummul Khairi