Ba Ka Cikin Kalandata

Baba,

Na wuce aiki kotu, ban tashe ka ba. Jiya ka faɗo mana daga Groningen ana shirin cin abinci, ko waya babu, alhali dankali biyu na dafa, na mutum biyu. Mijina Maarten ya bar maka nasa. Sai kuma ka hau kuka a kan tebur, wai in raka ka gidan zane-zane ka ga hoton da marigayiya Mama take so. "Ko awa ɗaya, 'yata."

Na duba kalanda, ba ni da sarari sai watan gobe.

Akwai jirgin ƙasa kafin azahar. Ka ja ƙofa da kyau.

Lokacin da Mama take kwance a asibiti tana kiran sunanka, kai ma kalandarka a cike take.

Liesbeth