Dardumar Ɗakin Ajiya

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Baba? Auta tana zuwa makaranta kuwa?

Ni lafiya lau, kada ki sa damuwa a ranki. Kamfanin wanki ya sallame mu, amma ban taɓa kwana da yunwa ba. Masallacin unguwarmu da cocin da ke kallonsa suna dafa wa marasa hali abinci. Ran Juma'a 'yan coci ke kan tukunya, ran Lahadi mu 'yan masallaci. Na ce "mu", amma gaskiya da kwano na fara zuwa kafin a ba ni ludayi.

Wata tsohuwa 'yar coci ta tarar da ni ina salla a kan kwali a ɗakin ajiya. Washegari ta sayo darduma, ta ture buhuna duk da ciwon bayanta, ta shimfiɗa mini. Inna, ashe ta ba alƙibla baya! Kullum haka take shimfiɗawa, sai ta fita nake juya dardumar. Jiya ta kama ni, ta yi dariya har da hawaye, ta zana kibiya da alli.

Ki sa ta a addu'a, bayan nan yana damunta. Idan da saura, ki sa ni.

'Yarki