Turare a Aljihun Ƙirji

Jarumina,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya daji? Wata bakwai ke nan da tafiyarka koyon aikin gadin gandun daji, ni kuma ina nan ɗakinmu na kusa da famfo, ina shan gorin Mama wai littafi ba ya dafa abinci. Kullum ina hango a zuciyata gidan ma'aikatan da ka ce za a bai wa wanda aka ɗauka aiki. Har labulen tagar na ɗinka, mai ruwan ganye. Na fesa wa takardar nan turarena, ka sa ta a aljihun ƙirji kamar yadda masoya ke yi.

Taka har abada,
'Yar Littafi

Amarya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Ran Alhamis za a gwada mu. Mu biyar ne, gurbi ɗaya. Kowa zai lallaɓa har kusa da garken gwanki ya ƙirga su ba tare da sun ankara ba. Dabbar nan hancinta ya fi idonta, shi ya sa Oga ya hana mu ko sabulu mai ƙamshi. Don Allah ki daina fesa turaren nan. Ki gaida Mama.

Mijinki

Jarumina,

Bayan gaisuwa. Layi biyar kacal, kuma huɗu na gwanki ne! Na karanta littafi ya fi ɗari, ban taɓa ganin namijin da ya ce wa matarsa ta daina ƙamshi ba. Na ƙara fesawa. In har ina da wuri a zuciyarka, wasiƙar nan ta kasance a ƙirjinka ran Alhamis. In ka bar ta a ɗaki, zan ji a jikina.

Mai kewarka,
'Yar Littafi

Amarya,

Ina gaisuwa. Na sa wasiƙar a aljihu, hankalinki ya kwanta. Na ja ciki cikin ciyawa sama da awa guda, gwiwoyina duk sun kwaile. Na kai goma sha ɗaya a ƙirga sai iska ta juya. Babbar cikinsu ta ɗaga kai ta yi huci, shi ke nan, sai ƙura. Oga bai yi faɗa ba. Ya matso ya shinshina rigata, ya ce, "Ango, daji ka zo ko biki?" Har direba sai da ya yi dariya.

An ɗauki Dogo, wanda ko sawun gada bai iya bambancewa da na akuya. Sati mai zuwa matarsa za ta tare a gidan. Ina tafe ran Asabar. Kar ki zo tasha.

Mijinki

Maigida,

Sallama. Shinshina, babu komai a wannan. Ni na fesa, amma aljihun naka ne, kuma ban san ko in gode maka ko in ba ka haƙuri ba.

Labulen kuwa na rataya shi a tagarmu ta wajen famfo. Ya yi mata yawa, yana jan ƙasa.

Allah ya kawo ka lafiya.
Matarka