Ƙurar da Ido Ba Ya Gani

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwar taki? Ɗan'uwana Wilmer ya gyara rufin kuwa, ko har yanzu ruwa na ɗiga a tukunyar wake?

Mu a nan Baltimore ta Amurka lafiya lau. Ina nan ina share tsofaffin gidaje bayan masu fenti sun kankare bango. Mama, na ga abin mamaki. Wani gida na share shi tas, yadda kika koya mini. Sai ga mai awo, Madam Tolliver, da ɗan ƙyalle mai laima. Ta goga a bakin taga, ta rufe a kwalba, ta aika a auna. Da sakamako ya fito, wai gidan ba shi da tsafta!

Na ce, "Haba Madam, ina dattin yake?"

Ta ce, "'Yar nan, tsintsiyarki ce ta baza shi. Tsohon fenti akwai gubar dalma a ciki. Jiƙawa ake yi a goge. Ɗan kaɗan ya isa ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro."

Wai yaya ake auna abin da ido ba ya gani? Har na so in bi kwalbar nan.

An gwada jinin jikarki Nohemi ma. Dalma kaɗan aka samu, kada ki damu. Likita ya ce a tufafin aikina ƙurar ke biyo ni gida. Ki kunna mata kyandir a coci. Yanzu in na dawo, sai na yi wanka nake ɗaukarta. Takan tsaya a ƙofar banɗaki da hannuwa a buɗe, tana tambayata ko laifi ta yi.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Dilcia