Randar Inna Ba Za Ta Bar Gidana Ba

Zuwa ga Hajiya Rakia,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, don abin da ke cina ba zan iya faɗa wa kowa a unguwarmu ba, dariya za a yi mini. A ce mace kamata, mai 'ya'ya har da jika, tana kishi da matar ƙaninta. To kishin nake yi, Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Ko sunanta ba na son a ambata.

Ni ce babbar ɗiyar Inna. A Affala aka haife mu, aure ya kawo ni Tawa. Bara bayan girbi ciwon gwiwa ya matsa mata, muka ce zaman ƙauye ita kaɗai ya isa haka, ta dawo birni kusa da likita. Ba wanda ya yi gardama a kan inda za ta zauna, gidana ne. Maigidana Malam Attahir da kansa ya sa aka gyara mata ɗaki. Ta zo da kayan madafarta kaf: turmi, ƙore, faya-fayai, muciya, tukunyar ƙasa, da wata tsohuwar randa da ta gada a wurin kakarmu, wadda aka naɗe da tabarmi aka ɗaure saman mota.

Na yi rantsuwa cewa Inna ta gama wahala. Ba yabon kai ba, a unguwarmu ko suna ko biki ni ake kira in ɗora tukunya. Madafata kuwa sai kin gani: gaz, firigo, robobi masu murfi a jere, ƙasa kullum tas da jabel, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Na hana Inna taɓa ko cokali. In ta leƙo madafa sai in kamo hannunta in mayar da ita kan tabarma. Kayanta na tattara na kai ɗakin ajiya, har da randar, tunda ga ruwan sanyi a firigo. Ƙwaryar hurarta kaɗai na bari, ita ma da na ga ta yi baƙi sai na jiƙa ta a ruwan jabel da garin sabulu, na dirje ta da soson ƙarfe har ta fito fes. Inna ta karɓa, ta jujjuya ta, ta sa mini albarka.

Daga nan cinta ya ragu. Hura sai ta kurɓa ta ajiye. Ruwan firigo ta ce yana kashe mata haƙori, wai har warin albasa yake yi. Na ɗauka rigimar tsufa ce.

Sai ga Salima. Ita ce matar Isma'ila autanmu, daga Yamai ya auro ta, malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Hajiya, yarinyar nan da aka kawo ta tuwonta gudaji ne zalla, ni na riƙa rufa mata asiri ina aika musu miya. Wata rana ta zo gidana kamar za ta yi kuka, wai wakenta duk ya yi ƙwari. Maimakon ta tambaye ni, ni da na fi kowa sanin madafa, sai ta wuce ni ta durƙusa gaban Inna. Inna ta ce a kai ta ta gani da idonta. Yini guda aka ce. Yinin ya zama kwana, kwana ya zama mako, ga shi yanzu har damina ta shigo. Turmi ya tafi, tukunyar ƙasa ta bi shi, faya-fayan da ƙoren da muciyar ma an zo an kwashe.

Ranar da na je dubo ta na yi da-na-sanin zuwa. Na tarar da uwata a kan kujera 'yar tsugunno a tsakiyar wata madafa ƙarama mai hayaƙi, tana ta zazzaga wa Salima faɗa don ta ƙulle albasa a leda, ita kuwa Salima sai dariya take yi tana ba da haƙuri. Ga sabuwar ƙwarya a gefe an shanye hurar ciki tas. Inna ta murmure, har muryarta ta dawo. Tana koya mata dunƙula gabu, wato dakakken ganyen albasa, tana koya mata soya man shanu. Dangi in sun zo daga Kalfu can suke fara sauka, su dawo suna ce mini wai miyar Salima hannun Inna ce sak. Ni da na taso a gindin murhunta ba a taɓa faɗa mini haka ba.

Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Faɗan nan. A gidana daga sannu sai Allah ya yi albarka, kamar wata baƙuwa da aka sauke. Wallahi har faɗan nake yi wa Salima hassada.

Kuma tunda na fara bari in ƙarasa. Ni ma kayana lalacewa suke yi. Albasa tana laushi a firigo, daddawa da kaudar tumatir suna fumfuna a cikin robobin nan, cukun da aka kawo mana daga Takanamat ya yi wari a leda. Ina zubarwa a ɓoye. Ba zan iya zuwa gaban Salima in tambayi Inna ba, gara in yi ta asara.

Yanzu Isma'ila ya aiko a ba da randar, wai Inna na son ruwanta. Na ce makullin ɗakin ajiya ya ɓata, alhali yana ɗaure a bakin zanena. Randar nan kaɗai ta rage mata a gidana. In ta fita na san Inna ta tafi ke nan, ɗakin da muka gyara mata sai dai a zuba hatsi. In ba da ita, ko in riƙe har Inna ta zo ɗauka da kanta? Kuma me yarinyar nan ta fi ni da shi?

Babbar Ɗiya, daga Tawa

*

'Yar uwata Babbar Ɗiya,

Ba zan yi miki dariya ba. Duk wadda ta gyara wa uwarta ɗaki ta ga an bar shi ba kowa, dole ranta ya sosu. Kin yi komai ne don ƙauna, wannan ba mai ƙwace miki shi. Inna ma tana da nata: da ta faɗa miki abin da ke damunta tun farko, da ba a kai nan ba. Amma kin san iyayenmu da kawaici a kan 'ya'yan fari, balle a gidan suruki.

Kin tambayi abin da Salima ta fi ki. Ba ta fi ki iya girki ba. Rashin iyawarta ne ya ja Inna, don a can ana buƙatarta. Matar da ta yi shekara da shekaru tana juya madafa, kika zaunar da ita a tabarma kika kulle kayanta. Ke hutu kika nufa, ita kuwa gani ta yi an sallame ta.

Mu koma kan ƙwarya. Ƙwarya da tukunyar ƙasa da randa duk suna shan abin da aka zuba musu. Wadda ta sha jabel da sabulu za ta daɗe tana mayar da shi cikin hura, shi ya sa Inna take kurɓa ta ajiye. Ruwan ɗumi da toka ko lallausan yashi sun isa, sai a kife ta ta sha rana. Waccan ki mai da ita ta awon hatsi. Jabel a bar shi ga daɓe da magudana da tsummokaran goge-goge, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki.

Firigo ma ba laifinsa ba ne, ba komai ne nasa ba. Albasar da ba a yanka ba iska take so: ki baza ta a inuwa, ko cikin kwando, nesa da dankali, kina cire wadda ta fara laushi. Ita ce ta ba ruwanki wari. Ki fitar da ita, ki wanke firigon, ki sa gawayi a ɗan kwano ya tsotse sauran warin, duk abin da zai shiga kuma a rufe shi. In wuta ta ɗauke, a rage buɗe shi. Daddawa da kauda da gabu ba sa shiga mazubi sai sun bushe ƙarau, kuma kwalba ta fi musu roba. Da damina ki riƙa fito da su suna shan hantsi. Cuku kada ya kwana a leda, a sa shi a faifai inda iska ke ratsawa, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Wake a shanya shi sosai, a gauraya da toka ko busasshen barkono, a toshe bakin mazubin. Man shanu kuwa a soya shi har ruwansa ya ƙone, a zuba a kwalba, kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga. Duk wannan da na zayyana miki, Inna ta fi ni saninsa nesa ba kusa ba.

Randa ta Inna ce, ba a garkuwa da ita. Tsohuwa ce take son ruwan da ta saba, kuma in ta gane makullin bai ɓata ba, abin zai fi yi miki ciwo. Ki kwance shi yau. Ki ɗauraye randar da ruwa zalla, ki cika ta ta kwana tunda ta daɗe a bushe, ki duba ko ta tsage. Sannan ki raka ta da kanki, kada ki aika. Ki girke ta kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ki rufe da faifai, ki miƙa wa Inna moɗar farko da hannunki. Ki gode wa Salima ko da bakinki zai yi nauyi, don uwarki ta murmure a hannunta.

Kafin ki tashi, ki fito da daddawarki mai fumfuna ki ajiye gaban Inna, Salima na kallo, ki ce ta zo ta duba miki madafa. Ki sayi sabuwar randa da sabuwar ƙwarya ki ajiye ba ki taɓa su ba, ki ce ba ki san yadda ake gyara su ba. In ta zo, ki sa mata kujera a bakin murhu, ki bar hannunta ya taɓa abin da ya ga dama. Wataƙila ta riƙa raba kwana tsakanin gidajen biyu, kuma hakkinta ne, Isma'ila ma ɗanta ne.

Kada ki auna dawowarta da inda randa take ko inda ta kwana. Ranar da kika ji ta ɗaga murya tana yi miki faɗa a kan albasa, ki san Inna ta dawo gidanki.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya bar ku tare.

Taki,
Hajiya Rakia