Dawar Sittana

Sabuwar Masmas, Kom Ombo
Janairu, 2005

Ƙanena Awad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Samira da yara, da fatan sanyin Iskandariyya bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Mu nan lafiya lau, sai hayaniyar saran rake.

Ka zauna kafin ka karanta sauran. Zan shiga jirgi. Ba kwale-kwalen tsallaka kogi ba, irin naku nake nufi, mai bene-bene, wanda yake kwasar Turawa daga bayan dam ya bi tafki har Abu Simbel. Ɗana Fikri ne ya kira daga Kuwait ya ce, "Inna, me zan yi miki bana, Umara ko haƙora?" Na ce Umara na yi, haƙoran da suka rage kuma sun ishe ni cin dabino, ni tsohuwar Masmas nake son zuwa. Ya ce, "Inna, ai ruwa ne a kanta." Na ce da ma ban ce masa ƙasa ce ba. Tikiti dai ya iso, da sunana a jiki.

Ka san wurin wa za ni. Shekara arba'in ke nan Sittana tana kwance ba wanda ya zuba wa kabarinta ruwa, ba wanda ya ajiye wa tsuntsaye dawa a kanta. 'Yata ta fari, ko yaye ta ban yi ba na binne ta, kafin ƙasar kabarin ta bushe aka kwashe mu aka saki ruwa a kan garin. Kai ne kake riƙe min kwanon dawar duk Juma'a, kana ɗan shekara takwas, kana tafe kana zubar da rabi.

Abu biyu nake so. Ka yi rabin rayuwarka kana kai abinci tebur a jiragen tafkin nan, to ka faɗa min abin da zan tarar ranar shiga, kada in yi ƙauyanci. Na biyu, ka faɗa min daidai inda jirgi yake wucewa ta kan maƙabartarmu, da alamar da zan gane wurin da ita.

Allah ya ƙara lafiya.
Yayarka,
Nabra

*

Iskandariyya
Fabrairu, 2005

Zuwa ga Yayata mai daraja,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, takardarki ta same ni. Da Fikri ya shawarce ni, da na ce ya yi miki haƙoran. Amma tunda kin tambaya, ga yadda abin yake.

Ki isa tasha da hantsi. A ƙofa 'yan sanda za su duba katinki na ɗan ƙasa da tikiti, su saka jakunkuna a na'ura. 'Yan dako za su ɗaura wa akwatinki lamba su tafi da shi, kada ki bi su kina ihun ɓarawo, a ƙofar ɗakinki za ki same shi. Maganin hawan jininki ya zauna a jakar hannu. Katakon hawa siriri ne, ki riƙe igiya. A ciki za a miƙo miki zoɓo mai sanyi da ɗan tawul mai laima, na goge hannu ne, ba kyauta ba ce ta tafiya gida. Za a ba ki makulli. Da la'asar za a buga ƙararrawa kowa ya fito da rigar ceto a koya masa ɗaurawa, wannan ba nutsewa ake yi ba. Jirgi ba ya tashi ranar, sai washegari.

Ina roƙonki abu uku. Kada ki sa jarjar, baƙar rigar nan taki ta gargajiya mai jan ƙasa, za ta harɗe ki a katako, kuma Turawa za su yi ta ɗaukar ki hoto kamar kayan tarihi. Kada ki zo da dawa ko kwano, an hana abincin waje, an kuma hana jefa komai a ruwa. Sannan kada ki ambaci sunana. Ma'aikatan yaranmu ne, na bar aikin nan da mutuncina.

Yaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Babu komai a can. Ruwa ne iya ganinki, da duwatsu da kada. Kabarin da tafki guda yake kansa, wane ruwa kuma za ki zuba masa? Ki yi mata addu'a daga ɗakinki, tana isa.

Samira tana gaisuwa. Ki huta lafiya.
Ƙanenki mai biyayya,
Awad Bashir

*

Sabuwar Masmas
Fabrairu, 2005

Awad,

Na amsa gaisuwarka, ka gaida Samira. Ita kaɗai, don kai yau ba ka ci gaisuwa ba.

"Ƙanenki mai biyayya." Ina biyayyar? Tambaya biyu na yi maka, ka cika takarda da tawul da zoɓo, ka tsallake ta biyun kamar ba ka iya karatu ba. Ni da na koyi rubutu da furfura a ajin yaƙi da jahilci ma na ga ramin da ka bari.

Wai ni za ka koya wa shiga jirgi. Na taɓa shiga, Awad, kana riƙe da gefen rigata. Ranar ma an ɗaura wa kayanmu lamba, har akuyar Inna sai da aka rataya mata. Ranar ma katakon siriri ne, kuma ba igiya. Ba wanda ya ba mu zoɓo. Mata suna sumbatar bangon ɗakunansu, Baba ya kulle ƙofa ya sake komawa ya duba ko ta kullu, karnukan gari suna bin gaɓa suna haushi har muka sha kwana. Ni kuwa nono yana ta zuba a rigata, ba mai sha. Jarjar ce a jikina ranar, ba ta harɗe ni ba. Da ita na fita daga garin nan, da ita zan koma, wanda ya ga dama ya ɗauki hoto ya kai wa uwarsa.

Ka ce wane ruwa zan zuba. Wancan ruwan gwamnati ne, ba ni na zuba ba. Nawa daga randar ɗakina zan ɗebo, da hannuna.

Saura batun wurin. Idan ka faɗa min, in yi abina shiru, ba wanda zai sani. Idan ka ƙi, wallahi daga bakin dam zan fara watsa dawa, in yi ta watsawa hagu da dama har Abu Simbel, dole wata ƙwaya ta faɗa kanta. Duk wanda ya tambaye ni kuma in ce masa ni ce yayar Usta Awad Bashir, ubangidan masu kai abincin nan, ciki ɗaya. Mutuncin nan naka da kake ta lallaɓawa, ka zaɓa masa.

Ina jiran amsa. In ba ta zo ba ma tafiya ba fashi.
Nabra

*

Cikin jirgi, bayan dam, Aswan
Maris, 2005

Ƙanena,

Sallama da gaisuwa daga ɗaki mai taga a kan ruwa. Amsarka ba ta zo ba, ni kuwa na zo. Wani ɗan dako zai saka min wannan a gidan waya kafin mu tashi gobe.

Komai yadda ka faɗa yake, ban da abin da ba ka faɗa ba. Na iso da hantsi cikin jarjar. Dawar ban ɓoye ta ba, a kwanon ƙasa na ɗauko ta, da gorar ruwan a hammata. Ɗan sandan ƙofa mutumin Alƙahira ne, mai ladabi, ba laifi. Ya leƙa kwanon ya ce, "Hajiya, an hana shiga da abinci." Na ce, "Ba na mutum ba ne, ɗana." Ya ce, "To na wa?" Na ce, "Na tsuntsayen 'yata." Ya dubi abokinsa, na ga sun yanke cewa tsohuwa ta taɓu. Ya ce in bar shi a nan, in na dawo in karɓa. Na ce madalla, ni ma a nan zan zauna in na dawo a karɓe ni.

Na zauna daram a bakin katakon. Layin Turawa ya taru a bayana, jajaye da su, rana tana gasa su. Wata mai hular kaba ta ɗaga kyamara, na gyara mata zama. Aka yi ta magiya, "Hajiya don Allah, Hajiya don Annabi," ni ko gezau. Kada fa ka ɗauka ban ji tsoro ba. Na san in suka mayar da ni gida ba zan sake samun wannan tafiyar ba.

Sai ga wani dogo ya sauko cikin farar riga, babban mai kula da tebura. Ya dubi jarjar, ya gaishe ni da harshenmu, ya ce, "Inna, 'yar wane gari?" Na ce Masmas, wadda ke ƙasa, ba ta sama ba. Sannan na cika alkawarin da na yi maka, na ɗaga murya na ce, "Ni ce yayar Usta Awad Bashir."

Awad, mutumin nan sai ya durƙusa ya karɓi kwanon da hannu biyu. Sunansa Usta Dahab, ya ce kai ka koya masa riƙe faranti. Ya ce wa ɗan sandan, "Wannan kayan kicin ne, a wuyana." Ya wuce gaba da kwano, na bi shi, jarjar tana share katako, ban ko taɓa igiya ba.

An ba ni zoɓon, na sha. Tawul ɗin na mayar. An buga ƙararrawa na ɗaura rigar ceto a kan jarjar, na fito kamar tulun da aka naɗe da tsumma, har Baturiyar nan ta taya ni ɗaure igiyar baya.

Bayan an watse na tare Dahab na ce ya nuna min inda Masmas take in mun iso, kuma ya kau da kai, don zan karya musu doka. Ya yi dariya ya ce, "Inna, dokar nan akwai inda take barci. Jibi da hantsi za mu wuce wani baƙin dutse mai rababben kai, ta hannun hagu. Teburin Awad muke ce wa wurin." Na ce teburin wa? Ya ce tun yana sabon shiga yake ganinka, duk tafiya, zuwa da dawowa, kana tattara ɓarɓashin burodin tebura a tawul, in an zo dutsen ka fita baya ka watsa wa tsuntsaye, ka tsaya jim, ka dawo ka ci gaba da aiki. Sun tambaye ka dalili ka ce su kula da faranti. Ya ce, "Da ya bar aiki sai tsuntsayen suka ci gaba da tare mu a wurin. Kunya ta sa muke zuba musu har yau. Inna, wa ke wurin?"

Na shiga ɗaki na kulle, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kwashe mu.

"Babu komai a can." Kai, Awad. Kai!

Yayarka,
Nabra

*

Iskandariyya
Maris, 2005

Yaya,

Gaisuwa. Dahab tun yana yaro bakinsa ba ya rufuwa.

Ban ƙi faɗa miki don mutunci ba. Ni na saba da wurin. Na ji tsoron ki tsaya a kansa ki ga ruwa kawai, ba ko tudun da za ki dafa, ki dawo da abin da ya fi wanda kika tafi da shi nauyi. Burodi ne kawai nake da shi a jirgi, na san ba shi ne al'ada ba.

Yanzu kin koma gida. Shekara shida rabona da tafkin. Ki faɗa min abu ɗaya, sun zo?

Awad

*

Sabuwar Masmas
Afrilu, 2005

Ƙanena,

Gaisuwa gare ka, yau har da kai.

Ruwa ne kawai, gaskiyarka. Na zuba nawa a kai duk da haka, gora guda, na kira sunanta.

Sun zo. Tun kafin dutsen ya fito sosai tsuntsayen suka taso, farare, sun fi a ƙirga, suna kewaya bayan jirgin suna kuka, ban ma kai hannu kwano ba. Na watsa rabin dawar. Dahab da mutanensa suna tsaye a bayana da tawul ɗin burodinsu, yanzu sun san sunan mai wurin.

Rabin na dawo da shi. Na gaya wa Fikri baɗi tikiti biyu zai aiko. Za ka zauna a tebur a kawo maka abinci, za ka ɗaura rigar ceto Turawa su ɗauke ka hoto, kuma kai za ka riƙe min kwano. Wannan karon kada ka zubar a hanya.

Yayarka,
Nabra