Gyaɗar Inna

Kukar Baƙo, Tsanyawa
3 ga Maris

Zuwa ga Yayana Isyaku,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin Kaduna. Inna na gaishe ka, ƙafar da sauƙi.

Na ga saƙonka cewa in tsaya tsayin daka a haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gidanmu saboda Inna. To, ƙungiyar da za ta haƙa ta ce in ba mu tsayar da wuri ɗaya kafin ƙarshen wata ba, wani ƙauye za ta kai. Sau biyu ana ɗaga hannu, sau biyu ana tashi baram-baram. Wurare huɗu ake ja a kai: ƙofarmu, bakin kasuwa, filin makaranta, da gindin kuka can unguwar su Baƙo.

Mai unguwa ya ce tunda na shekara talatin ina koyar da lissafi, in nemo mafita. Ga abin da na tsara. Ƙorai huɗu a rufe cikin zaure, kowa ya shiga shi kaɗai da gyaɗa huɗu, ya jefa wa duk wurin da zai iya yarda da shi. Wurin da bai samu rabin mutane ba ya fita. Sauran a gwada su biyu-biyu, wanda ya kayar da kowa shi ne. In suka yi ta kayar da juna, a koma ƙirgar farko.

Ka gaida Tahira da yara.

Ƙanenka,
Muntaka

12 ga Maris

Yaya Isyaku,

Bayan gaisuwa, da fatan zazzaɓin Tahira ya sauka.

An yi gwajin, kuma lissafina ya sha ƙasa. Mutum sittin da ɗaya, maza da mata, kowace ƙwarya gyaɗa sittin da ɗaya. Kara ce ta hana su. Wa zai fito da gyaɗa a hannu a ce ya ƙi ƙofar maƙwabcinsa? Na tsara wa lambobi zaɓe, na manta da mutanen garinmu. Na ji kunya ƙwarai.

Buwai matar Baƙo, tsohuwar nan da har yanzu take ɗauko ruwa daga rafi, ita ta ba da gyara. Ta ce wanda ba ka so, ka cinye gyaɗarsa kafin ka fito. Ni da takardar shaidata ban hango wannan ba. Ranar Asabar za a sake.

Naka,
Muntaka

20 ga Maris

Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Rijiya ta tsaya a garinmu, amma ba a ƙofarmu ba. Kasuwa ta fita tun a zagayen farko. A gwajin biyu-biyu, mu da kuka duk mun kayar da makaranta. Da aka haɗa mu da kuka, kowa da gyaɗa ɗaya, kuka ta samu talatin da ɗaya, mu talatin. Na sake ƙirgawa har sau uku. Raina ya sosu, ba zan ɓoye maka ba, amma ni na kafa ƙa'idar, babu bakin magana.

Na dawo gida ina neman yadda zan ba Inna haƙuri, sai ta riga ni. Ta ce tata gyaɗar kuka ta jefa wa. Ta ce shekarar da ta haife ka rijiyar gidanmu ta ƙafe, Buwai ce ta yi ta ɗauko mata ruwan wankan jego daga rafi, tulu biyu kullum, har kwana arba'in. Shekara hamsin da bakwai tana neman abin da za ta saka mata da shi.

Ta ce in ka tashi faɗa, ka tuna da ruwan wa aka fara yi maka wanka.

Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Muntaka